Mai Alkakin da Ta Koma Tsoron Alkama

A unguwarmu, can bayan Kusugu, idan ka ce Rahmatu ba kowa zai gane ba, sai ka ƙara da "mai alkaki". Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, sauran kuma ita ta ba ni labari da bakinta.

Sana'ar gado ce a wurinta. Mahaifiyarta ta yi, ita ma tun tana budurwa ta karɓa, har ta haura shekara arba'in ba ta taɓa wata ba. Duk gidan da za a kai garar amarya, tun kafin a sa rana uwar yarinya take aikowa a kama mata layi. Tana yin dubulan, tana yin cincin, tana yin nakiya in an matsa mata, amma alkaki ne ya yi mata suna. Nata ba ya tauri, ba ya dagargajewa, kuma sai ya daɗe a cikin daro ɗanɗanonsa bai canza ba. Har daga Mashi da ƙetaren iyaka ake aiko mata.

Gajera ce mai jiki, mai saurin dariya, mai son ci, kuma ba ta ɓoye hakan. Da safe shayi da burodi, da rana taliyar murji da manja da yaji, in ana suya kuwa hannunta ba ya daina kaiwa baki, wai ɗanɗanawa take. Mijinta Malam Dabo dillalin shanu ne, rabin mako yana bin kasuwanni. 'Ya'yansu maza suna neman abinci a Kano, autarsu Zubaida kuma tana aure a Katsina.

Ciwon bai zo mata da ƙarfi ba. Da farko kumburin ciki ne bayan ta ci abinci, cikin ya yi tam kamar ganga, ya riƙa ƙugi har wanda ke kusa ya ji. Ta ce basir ne, ta sa aka jiƙa mata saiwoyi. Daga nan gudawa ta fara, ta yi kwanaki ta tsaya, ta sake dawowa. Sai gajiya. Matar da ke murza ƙullun alkaki tun hantsi har la'asar ba ta miƙe ba, ta koma in ta yi ɗan kaɗan sai ta jingina da bango tana haki. Bakinta ya riƙa fitar da ƙuraje masu zafi. Gwiwar hannu da ta ƙafa suka feso da wasu ƙanana masu ruwa, masu ƙaiƙayin da sai ta sosa har jini.

Mai kemis ya ce taifod ne, ta sha magani ta gama. Aka ce zazzaɓin sauro, aka yi mata allurai. Da Malam Dabo ya kai ta asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Ta shanye, aka sake aunawa, jinin yana nan inda yake. Aka duba suga, babu. Aka ce gyambon ciki, aka hana ta yaji da tsami, ba abin da ya canza. Ran da aka ce za a yi mata gwajin ƙanjamau, ta ce da ni tana zaune a kan bencin asibitin tana tunanin da wane ido za ta kalli 'ya'yanta. Shi ma aka ce babu. Ta yi hamdala, amma kafin su iso gida murnar ta gushe.

"Kin san abin da ya fi ba ni tsoro?" ta ce da ni. "Duk inda aka duba sai a ce ba a ga komai ba. To ni kuma ga shi ina ƙarewa. Abin da ba a gani, da me za a kama shi?"

Ƙarewa kuwa take yi. Zanen da a da da ƙyar yake zagaya ta, ya koma sai ta ninka. Awarwaronta ya riƙa zamewa har gwiwar hannu, ta cire ta ajiye. Wata rana wata mata ta zo daga cikin gari za ta ba da aikin gara, ta zauna suka gaisa, idonta ya sauka a kan ƙurajen hannun Rahmatu, sai ta ce bari ta je ta yi shawara da uban yarinya. Ba ta dawo ba. Bayan ita wasu ma suka ja baya. Maiturare, maƙwabciyarmu ta ɗaya gefen, wadda ba ta iya riƙe magana, ita ta shigo ta faɗa mata abin da ake cewa a waje.

"Wasu na cewa ciwon zamani ne kuke ɓoyewa, wasu na cewa hannu aka sa miki saboda kasuwarki. Ni dai na fi yarda da na biyun. Ki tashi tsaye, Rahmatu, wannan ba na asibiti ba ne."

Malam Dabo bai tsaya ba. Ya karɓo rubutu, ya sa aka yi sauka, ya yi sadaka. Rahmatu ta sha duk abin da aka kawo. Sai dai akwai abin da ke cin ta wanda ba ta faɗa masa ba. Mahaifiyarta ma haka ta tafi. Ciwon ciki, rama, fari fat kamar an zuƙe mata jini, har ta kwanta ba ta tashi ba, kuma har aka binne ta ba wanda ya san sunan abin da ya kashe ta. Shekarun da uwar ta rasu a cikinsu, su ne Rahmatu take takawa a lokacin. Ta aika aka sayo mata farin alawayyo na likkafani ba da sanin kowa ba, ta ninke ta sa a ƙasan akwati.

Yayarta Kande, wadda ke aure a wani ƙauye kusa da Dutsi, ta zo dubiya a lokacin kaka. Tana shiga ɗakin ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa ƙarasawa, don ita ce ta yi jinyar mahaifiyarsu.

"Malam, ka ba ni ita," ta ce da Malam Dabo. "In ma lokaci ne, bari ya same ta a hannuna."

A ƙauyen ba a ba ta wani magani ba. Abin da gidan ke ci shi ta ci: kunun gero da safe, fura da nono da rana, tuwon dawa miyar kuka da yamma, wani lokaci wake da shinkafa ko dankali. Burodi sai an je bakin titi, ba mai zuwa. Makon farko ba ta lura da komai ba. A hankali ta ji cikinta ya yi shiru. Gudawar ta ja baya. Bakinta ya warke har ta iya cin yaji. Wata safiya Kande ta fito ta same ta ta karɓi taɓarya a hannun surukar gidan tana daka.

Maimakon ta yi murna, sai wani sabon tsoro ya kama ta. In a nan ta samu sauƙi ba tare da magani ba, ashe maganar Maiturare gaskiya ce, abin yana cikin gidanta. Ta riƙa lissafa waɗanda ke shiga ɗakinta, tana zargin mutanen da ta yi shekaru tana ci da sha da su, tana kuma istigfari a kan zargin.

Da ta koma Daura, Malam Dabo ya tarbe ta da farin ciki, ya sayo burodi mai zafi da tsire. Ta ci ta ƙoshi. Kafin magariba cikinta ya ɗaure, washegari ta wuni tana zarya bayan gida. Ta ce da shi ita ba za ta iya zama a gidan ba, a mayar da ita. Bai yi musu ba, amma na ga yadda maganar ta taɓa shi, gidan da ya gina da hannunsa.

A zuwa na biyu ne abin ya fito fili. Ta sake samun sauƙi, sai aka yi suna a maƙwabta aka aiko da funkaso. Ta yi kewar abin alkama, ta ci da yawa. Ciwon ya taso mata a nan ƙauyen, inda ba wanda zai yi mata sammu. Tana kwance a tabarma a inuwar rumbu, ta riƙa bin abin da ta ci a baya ɗaya bayan ɗaya, burodin tarba, taliyar kullum, ɗanɗanon bakin kasko.

"Yaya," ta ce, "anya ba alkama ba ce?"

Kande ta yi dariya. "Alkama? Ke da aka yaye ki da ita? Abincin sarakuna ne zai kashe mutum?"

"Inna ma ita take ci kullum."

Kande ta daina dariya.

Daga ranar Rahmatu ta daina taɓa duk abin da aka yi da alkama ko fulawa, ta koma gida a haka, kuma gidan bai yi mata komai ba. Ta buga wa Zubaida waya ta faɗa mata. Zubaida ta bincika a wayarta, ta kira ta. Ta ce akwai ciwo mai kama da wannan, ana ce masa siliyak, kuma ta karanta cewa yana cinye hanji, yana raunana ƙashi, in an bar shi yana iya kai mutum ga abin da ya fi haka muni. Rahmatu ta ce ta gode Allah da abin ya samu suna, amma sunan bai sa ta samu natsuwa ba. Da ba ta san me ke cikin cikinta ba, yanzu kuma ta riƙa ganin hanjinta a ido, a zagwanye.

Zubaida ta matsa sai da ta je Katsina suka ga wata likita mai duba ciwon ciki. Likitar ta saurare ta har ta gama, ta duba hannuwanta da cikin idonta, ta tambayi yadda mahaifiyarta ta rasu.

"Mama, abin da kike zato zai iya yiwuwa," ta ce. "Akwai wani sinadari a cikin alkama da sha'ir wanda jikin wasu mutane ke ɗauka a matsayin abokin gaba. Garin yaƙi da shi sai jikin ya ɓata bangon hanji, abinci ya riƙa wucewa ba ya amfanar mutum. Shi ya sa jini ke ƙin hawa. Ba mu cika neman ciwon a nan ba, don haka yakan ɓuya. Amma ba zan ce miki shi ne ba sai an gwada, saboda akwai wasu cututtukan hanji da ke zuwa da irin wannan kama."

"To a gwada yau, likita."

"Yaushe rabonki da alkama?"

"Na kusa wata biyu."

Likitar ta ajiye biro. "A nan matsalar take. Gwajin jinin yana neman alamar faɗan da jiki ke yi ne. In kin daina ci, faɗan ya lafa, sai gwajin ya nuna babu ko da akwai. In kina so mu sani, sai kin koma ci kullum, na sama da wata guda, sannan a ɗebi jinin a aika Kano."

Rahmatu ta ce ji ta yi kamar an ce ta mayar da hannu cikin tafasasshen mai. Ta kalli Zubaida, Zubaida ta sunkuyar da kai.

Malam Dabo ya ƙi sam. "Wane irin magani ne wannan, a ce mutum ya koma cin abin da ya kusa kai shi kabari? Kin samu sauƙi, ki gode wa Allah ki zauna. Sunan ciwo me zai ƙara miki?"

"Malam, in ba shi ba ne fa? In wani abu ne daban yake kwance yana jira, ni kuma ina nan ina gudun burodi?"

"In kuma kika kwanta ba ki tashi ba?"

Ta yi kwanaki tana juya maganar. Wata safiya na shiga gaishe ta na same ta zaune a tsakar gida, ga kofin shayi ya huce, ga yankan burodi a faranti, ta zuba masa ido kamar kunama ce a ciki. Ta ce in zauna kusa da ita. Ta yi bisimilla, ta gutsura, ta tauna tana hawaye. Abin da ya fi ba ta haushi, in ji ta, shi ne har lokacin yana mata daɗi.

Makonnin da suka biyo baya ba na son tuna su. Komai ya dawo, kumburi, gudawa, ƙurajen gwiwa, jiri in ta miƙe. Ɗan naman da ta mayar ya zube. Malam Dabo ya daina zuwa kasuwannin nesa. Shi da ya hana, shi ya koma sayo burodin da kansa kowace safiya, ya ajiye mata ya fita waje don kada ya ga tana ci. Sau biyu tana cewa ta fasa, sau biyu kuma washegari ta sake ɗauka. Kande ta zo ta yi faɗa, ta ce in ƙanwarta ta mutu ba za ta yafe wa kowa ba, sannan ta zauna ta riƙa dama mata kunu.

Aka ɗebi jinin, aka jira. Da sakamako ya dawo, likitar ta ce alamar ta fito da ƙarfi, kusan tabbas shi ne. Saura abu ɗaya: a zura mata siririn bututu mai kyamara ta baki a duba hanjin, a ɗan tsinko a auna. Shi ne zai rufe magana. Sai dai a Kano ake yi, akwai layi, kuma dole ta ci gaba da cin alkama har ranar.

"A'a," in ji Rahmatu. "Likita, na gaji. Ko loma ɗaya ba zan ƙara ba."

Likitar ta yi mata bayani, ta sake yi, da ta ga ba za ta sauya ba sai ta ce to, za su ɗauka shi ne, su bi ta a haka, ta riƙa dawowa ana duba jininta. Ta ce babu ƙwaya ko allurar da ke warkar da shi, maganinsa kawai barin alkama har ƙarshen rai, ko ɗan kaɗan. Ta kuma ce yana bin jini, ya kamata 'ya'yanta da 'yan'uwanta su sa ido a kan jikinsu.

Barin ya fi yadda ta zata wuya. Burodi da taliya da alkubus da fanke, waɗannan a fili suke. Amma ɗanwaken da ake sayarwa akwai fulawa a ciki. Injin niƙan unguwa yana niƙa alkama, sannan a zuba dawarta a bayanta, ta ci tuwon ta kwanta. Sai ta koma surfe da daka a turminta, ko ta aika ƙauye Kande ta niƙo mata. Ta ware tukunyarta da muciyarta. Ɗanɗanon miya na kanti ta daina yarda da shi, ta koma daddawa. A gidan biki takan zauna a sa mata kwano a gaba ta ƙi buɗewa, ana ta yi mata kallon mai girman kai, ko mai zargin za a sa mata wani abu. Ta gaji da bayani, don duk wanda ta ce wa alkama ce jikinta ba ya so sai ya yi dariya.

Alkaki kuwa ta gwada ci gaba da yi, ta ɗaure hanci da baki da ɗankwali. Bai yiwu ba. Gari na tashi ya sauka a kan komai na gidan, kuma ba ta iya ɗanɗana tsamin ƙullu ta san ya kai ko bai kai ba. Karon farko a rayuwarta aka dawo mata da alkaki aka ce ya yi tauri. Ta wanke kaskon ta kife. Ta koma nakiya, wadda a da take rainawa, tunda ita da shinkafa ake yi. Masu gara sun fara dawowa, ba kamar da ba. Har yanzu mai alkaki ake ce mata, tana amsawa.

Jikinta ya dawo, ko da yake bai kai na da ba. Jininta ya hau. Tana dariya, tana zuwa unguwa. Amma akwai ranakun da cikin zai murɗa ba ta san dalili ba, sai ka gan ta tana bin duk abin da ta sa a baki tun jiya. In ta gano, ta samu kwanciyar hankali. In ba ta gano ba, sai tunanin bututun nan da ta ƙi ya dawo mata, ko akwai abin da da an gani a can ciki.

'Ya'yanta maza da ta faɗa musu maganar likita, dariya suka yi, suka ce su lafiyarsu ƙalau. Da ƙaramar sallar da ta wuce Zubaida ta zo da 'yarta Madina, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Rahmatu ta ɗauke ta ta ji ba nauyi. Ta ɗaga rigar yarinyar, ga ciki ya fito gaba, ga cinyoyi sirara. A hannunta akwai biskit tana tsotsa.

"Tun yaushe cikinta yake haka?"

"Tun yaye ne, Umma. Kowa ya ce haƙori ne."

"Tana gudawa?"

Zubaida ta ce, "Wani lokaci."

Rahmatu ta kai hannu za ta karɓe biskit ɗin, sai ta tuna abin da likita ta ce game da gwaji, ta janye hannun. Ta zauna tana kallon jikarta na ci har ta cinye.

"Bayan salla ki kai ta wurin likitar nan," ta ce. "Kada ki hana ta komai tukuna. Ni zan zo in raka ku."